Caca Mai Lasin A Ikko

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarmu in yi wa 'yan'uwana bayanin wani al'amari da ya auku a cikin gidana, gama na tabbata ba ni kaɗai ya sama ba. Maganar caca ce, irin wadda Gwamnatin Jihar Ikko, watau Legas, ta ba lasin. Na san waɗansu za su ce me ya kawo zancen caca a jaridar da malamai ke karantawa. To, su yi mini haƙuri har su kai ƙarshe, sa'an nan su yanke mini hukunci.

Ni akawu ne. Yau shekarata goma sha ɗaya a Ikko ina riƙe wa wani dillalin albasa da tattasai littattafansa a kasuwar Mile 12. A makarantar mishan ta garinmu na yi karatu, inda muka sami wani malamin lissafi mai zafin hali, wanda ba ya yarda yaro ya ce abu kaza riba ne sai ya ja layi a tsakiyar takarda, ya rubuta abin da ya shiga a dama, abin da ya fita a hagun. Da wannan layin na ke cin abinci har yau. Abin kunya, ran da ya kamata in ja shi domin ɗan'uwana, ban ja ba.

Cikin 1922 ba a haifi ubanmu ba, balle a ce tsohon labari na ke ba ku. Cikin 2022 ne ƙanena ya biyo motar albasa ya iske ni. Ba zan faɗi sunansa ba, don ya riga ya sha kunyar da ta ishe shi. Yaro ne mai ƙwazo, ba ya shan komi, ba ya yawon dare. Ya kama dako a kasuwa, kowace Jumma'a kuwa ya kan kawo mini abin da ya tara in ajiye masa, domin akwai yarinyar da aka yi masa alkawari a gida. Ina rubutawa a wani ɗan littafi dabam. Kafin shekara ta kewayo ajiyarsa ta kai naira 300,000.

Ran nan da la'asar muna komawa masauki a Agege, sai ya ja ni bakin wani ɗan shago, ya nuna mini wata takarda a jikin bango cikin gilashi, ya ce, "Yaya, don Allah karanta mini wannan. Abokaina sun ce ta Gwamnati ce." Na duba, na ga hatimi da sa hannu, na ce masa, "Gaskiya suka faɗa, lasin ne, Gwamnati ta san da su." Iyakar abin da na ce ke nan, muka wuce, hankalina yana kan wani lissafi da bai daidaita ba a ofis. Ni na amsa tambayar da bakinsa ya yi, ban kula da wadda ke cikin zuciyarsa ba. Shi kuwa abin da ya ji shi ne, yayansa mai ilmin boko ya ce babu laifi.

Kafin in ci gaba da labarinsa, bari in bayyana yadda dokar ta ke, domin na bi ta daga baya, sa'ad da bin bai yi sauran amfani gare mu ba.

Caca daɗaɗɗiya ce a Ikko. Filin da a ke kira Tafawa Balewa yanzu, inda aka yi bikin mulkin kai ran 1 ga Oktoba 1960, dā filin sukuwa ne, a kan zuba kuɗi a kan dawaki. Tsohuwar dokar laifuffuka kuma, wadda aka gada daga Turawa, ta lasafta wasannin da ta hana, har ta ambaci wasan wuri da sunan da mu ke kiransa, watau caca. Tun can dai hukuma ta kasa abin biyu: akwai wadda ta hana ƙaf, akwai wadda ta ce a yi amma da izninta.

A zamaninmu, Jihar Ikko ta yi dokar reful cikin 2004. Cikin 2005 Gwamnatin Tarayya ta yi tata dokar, ta kafa hukumar da za ta riƙa ba da lasin a ƙasa duka. Sai rigima ta tashi, gama kamfani guda ya kan ga masu karɓa biyu a bakin ƙofarsa. Cikin 2008 Ikko ta kai ƙara Kotun Ƙoli. Shari'ar nan ta shekara goma sha shida, sai ran 22 ga Nuwamba 2024 alƙalai bakwai suka yanke hukunci baki ɗaya. Suka ce tsarin mulki na 1999 bai sa reful da caca cikin abubuwan da Majalisar Tarayya ke da ikon yi wa doka ba, saboda haka al'amarin na jihohi ne, dokar 2005 kuwa ba ta da ƙarfi sai a Abuja da kewayenta. Ma'anar wannan ita ce kowace jiha da nata hukunci. Abin da ke da lasin a Agege laifi ne a Kano, inda a ke bin Shari'a tun shekara ta 2000, inda kuma Hisba ta bi shagunan cacar ƙwallo ta rufe cikin 2024. Yaron da ya kwana biyu a kan buhunan albasa daga Arewa zuwa Ikko ya ƙetare dokoki iri iri bai sani ba.

Dokar da Ikko ke aiki da ita yanzu ta 2021 ce, wadda Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya sa wa hannu. Ita ta tattara kowace irin caca ƙarƙashin hukuma guda, Hukumar Reful da Caca ta Jihar Ikko. Ga irin waɗanda ta ke ba lasin. Akwai loto, watau cacar lambobi, wadda a ke saye a 'yan rumfuna bakin hanya. Akwai zuba kuɗi a kan wasanni, musamman ƙwallon Ingila, ko a shago ko ta wayar hannu. Akwai ful, tsohuwar cacar ƙwallo ta takarda wadda dattawa suka fi so. Akwai manyan gidajen caca na masu hali, irin wanda ke otal ɗin Federal Palace a tsibirin Victoria. Akwai na'urar nan da a ke kira kalo-kalo, da katin da a ke kankarewa, har da gasar da kamfanoni ke yi su ce sayi kaya ka ci mota, ita ma sai da izni.

Sharuɗɗan kuwa ba su da wuyar ganewa. Ba mai buɗe wurin caca sai da lasin, wanda ya buɗe babu shi ya yi laifi. Ba a yarda wanda bai kai shekara 18 ba ya yi. Kamfani zai biya kuɗin lasin, ya kuma riƙa ba da wani kaso wanda a ke cewa na ayyukan alheri ne. Wanda ya ci aka hana shi yana da inda zai kai kuka. Hukumar ta kan buga sunayen masu lasin, ta kuma gargaɗi jama'a game da marasa shi. Cikin 2025 ma ta buɗe wata rajista mai suna SafePlay, inda mutumin da ya ga abin ya fi ƙarfinsa zai sa sunansa da kansa don a daina karɓar kuɗinsa.

Ban raina waɗannan ba ko kaɗan. In dai za a yi abin, gara a yi shi inda ido ke gani da a yi shi a bayan kango inda wuƙa ce alƙali. Amma ku duba da kyau, ya 'yan'uwana. Duk cikin sharuɗɗan nan babu inda Gwamnati ta ce za ka ci. Alkawarinta shi ne in ka ci a biya ka. Tsakanin maganganun nan biyu akwai rami mai zurfi, cikinsa ƙanena ya faɗa.

Bayan ran da na karanta masa takardar nan, sai ajiyar Jumma'a ta fara ƙanƙancewa. Ya ce kasuwa ce ba ta ci. Na yarda, don ni ma na ga haka a littafin maigidana. Can kuma sai ya fara karɓa: yau dubu goma zai aika gida, gobe dubu ashirin abokinsa ba shi da lafiya. Kuɗinsa ne, ban ga dalilin hana shi ba. Wata rana ya shigo da tsire da lemo, yana ta fara'a, ya ce wani alheri ya samu. Na ci tsiren nan har na sa masa albarka, ban tambayi inda alherin ya fito ba.

Asiri bai tonu ba sai da Inna ta bugo waya ta ce iyayen yarinya sun tsai da rana, a aiko da kuɗin lefe. Na buɗe ɗan littafi, na ga saura naira 26,000. Na kira shi. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sa'an nan ya ɗaga tabarmarsa ya jawo wata leda cike da 'yan takardu. Bai yar da ko ɗaya ba, domin an gaya masa wai in mutum ya yi nazarin lambobin da suka wuce zai gane waɗanda ke tafe. Daren nan ban runtsa ba. Na ja layi a tsakiyar takarda yadda aka koya mini. Cikin wata goma sha huɗu ya zuba naira 412,000, ya ci 138,000. Hasara 274,000. Da na nuna masa sai ya ce, "Yaya, ai ni a zatona ci na ya fi." Ba ƙarya ya ke yi ba. Ranakun ci guda nawa ne, kowace yana tune da ita har da rigar da ya sa, amma ɗari biyar biyar ɗin da ke fita kullum ba wanda ke tuna su.

To, ga lissafin da ya kamata in yi masa tun a bakin shagon nan. Ina roƙon malaman makaranta su karanta shi da alƙalami a hannu, in na yi kuskure su gyara mini a wannan fili.

A loto lambobi 90 ne, a kan fid da biyar. Wadda talakawa suka fi yi ita ce ka zaɓi lamba biyu, in dukansu suka fito cikin biyar ɗin nan a ninka maka kuɗinka sau 240. Wanda ya ji haka sai ya ce kai, naira ɗari ta zama 24,000! Amma lambobi 90, in ka haɗa su biyu biyu, za ka sami haɗi 4,005. Cikin biyar da suka fito kuwa haɗi 10 kaɗai ke akwai. Watau sau ɗaya cikin 400 ke nan. Mu ce wani attajiri ya rantse sai ya ci, ya sayi haɗin nan duka, kowane naira ɗari. Ya kashe 400,500. Lalle zai ci, har sau goma, a ba shi 240,000. Ya koma gida da hasarar 160,500, alhali kuwa ba a cuce shi ko kwabo ba, an biya shi daidai yadda aka yi alkawari. Kowace naira ɗari da jama'a suka zuba, wajen sittin ke komowa gare su, arba'in ta tafi ke nan.

Na lamba uku ya fi wannan muni. Haɗinsa 117,480 ne, masu ci 10, abin da aka saba biya kuwa ninki 2,100. Wanda ya saye duka a kan naira guda guda ya ba da 117,480 ya karɓi 21,000. Ashe inda ladan ya fi girma a ido, nan rabon mai zubawa ya fi ƙanƙanta. Batun nazarin lambobin jiya kuwa, na'urar da ke juya ƙwallayen ba ta da tunani, ba ta san abin da ta fitar jiya ba. Wanda ya san lambar gobe da gaske, me zai sa ya tsaya bakin titi yana sayar da ita naira ɗari biyu?

Cacar ƙwallo ta fi yaudara, domin tana sa mutum ya ga kamar saninsa ne ke aiki. Ƙanena ya san 'yan wasan Ingila fiye da yadda ya san 'ya'yan kawunsa. Abin da su kan yi shi ne su jera wasa goma ko ashirin a takarda guda don ladan ya yi tsawo, in ɗaya ya kuskure duka ta zube. Mu ɗauka mutum gwani ne ƙwarai, cikin kowane wasa huɗu yana faɗin uku daidai. In ya jera goma, zai dace kamar sau ɗaya cikin 18. In ya jera ashirin, kamar sau 3 cikin dubu. Shi ya sa kullum za ka ji suna cewa, "Wasa ɗaya ne ya yanke ni." Su a ganinsu sun yi kusa, gobe sai a ƙara. Ba su san haka aka gina abin ba.

Kada a ce na zargi masu kamfani da sata. Ciniki su ke yi a fili, sun rubuta farashinsu, suna biyan haraji, sun kuma ɗauki samari da yawa aiki. Amma ya kamata mu san inda kuɗin ke fitowa. Hayar shago, da albashin yaran shago, da ribar kamfani, da kason Gwamnati na ayyukan alheri, duka daga cikin arba'in ɗin nan da ba ta komowa su ke. Ɗan dako da mai shayi da mai wankin takalma su ne ke biya. Haraji ne wanda ba dagaci ya zo karɓa ba, mutum da ƙafarsa ya ke kai shi, yana murna.

Batun addini kuwa, ni ba malami ba ne, ba kuwa zan shiga gonar da ba tawa ba. Masu karatun jaridar nan sun fi ni sanin cewa a cikin Suratul Ma'ida an haɗa caca da giya wuri guda an hana, ban kuma taɓa jin limamin coci ya yabe ta ba. Abin da na lura da shi kaɗai shi ne, yaranmu sun taso a inda abin da hukuma ta hana da abin da malam ya hana kusan ɗaya ne. In suka zo inda aka raba su, suka ga hatimin Gwamnati a bango, sai su ɗauka an sassauta ne daga sama har ƙasa. Ba wanda ya gaya musu cewa Gwamnati ta kan ba mai sayar da giya ma lasin, ba don tana so ka sha ba.

Saboda haka ina da roƙo ga jama'a daki daki.

Ga 'yan'uwana akawuna da duk wanda Allah ya ba karatu a baƙon wuri: in marar karatu ya miƙo maka takarda ya ce karanta mini, amana ce ya ɗora maka. Kada ka tsaya ga baƙaƙen, ka tambaye shi me ya sa ya ke son sani. Da na yi wa ƙanena wannan tambaya guda, da minti biyar sun ishe mu.

Ga malaman makaranta: lissafin da na kawo a sama bai fi ƙarfin yaron da ya iya sau da rabawa ba. Ku ba su shi a allo maimakon lissafin lemo da mangwaro. Yaron da ya fid da 4,005 da hannunsa da wuya mai rumfa ya rufe masa ido. Kada kuma malaman Arewa su ce wannan matsalar Ikko ce, gama an iya rufe shago a Kano, amma wayar da ke aljihun yaro ba ta san iyakar jiha ba.

Ga sarakunan Hausawa na Agege da Idi Araba da sauran zangonni, da limamanmu: baƙon da ya sauka a kan gaya masa inda masallaci ya ke da inda zai kwana. A ƙara masa da bayanin rumfunan nan tun ran da ya zo.

Ga Hukumar Ikko kuma, da ladabi: tun da ya ke dokar ta ku ce ku kaɗai yanzu, ina ba da shawara a tilasta wa kowane shago ya rubuta kusa da lasin, da manyan baƙaƙe, sau nawa a ke ci cikin sau nawa, da Yarabanci da Hausa da Turanci. A kuma bayyana rajistar nan ta hana kai da bakin da 'yan kasuwa ke ji, domin waɗanda suka fi bukatarta ba su san da ita ba. Mai sayar da magani a kan sa shi ya rubuta illarsa a jikin kwalba. Ban ga abin da zai hana a yi wa wannan haka ba.

Game da ƙanena, an ɗaga bikin. Ni na gaya wa Inna da bakina, na kuma gaya mata rabona a cikin laifin. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Kai da na tura shi wurinka." Wannan magana ta fi mini bulala zafi. Iyayen yarinya mutanen kirki ne, sun ce za su jira. Ya koma kawo ajiyarsa ran Jumma'a, ni kuma ina ƙara masa wani abu daga albashina kowane wata, ba kyauta ba ce, biyan bashi ne. Ba zan ce ya warke sarai ba, don ran Asabar in an fara ƙwallo na kan ga hannunsa yana kai wa aljihu. Ledar takardun nan kuwa ban ƙone ta ba. Tana nan cikin akwatina, duk yaron da ya zo ya ce in karanta masa takardar bango, ita na ke fara zazzage masa a gaba.

Allah ya kiyashe mu da kwaɗayi, ya ba mu abin da za mu ci da guminmu, amin.  Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu,
Agege, Ikko.